Ta Ci Kyautar Hausa, Aka Ba Ta Littafin Turanci

Ranar rabon kyaututtuka ta ƙarshen shekara, ƙanwata ta kafe sai na raka ta makarantar 'yarta. Na je ne don dole, domin na san halin irin wannan taro: rumfa, kujerun roba, lasifika mai kuka, da jawabin babban baƙo da ba ya ƙarewa. Yarinyar tana aji biyar na firamare, ita ce ta zo ta ɗaya a darasin Hausa. Aka kira sunanta, muka tafa, uwar ta kasa daurewa ta rangaɗa guɗa, yarinya ta dawo da ƙunshi a naɗe cikin takarda mai ƙyalli.

Tun a cikin Keke Napep ta yage takardar. Littafin labari ne na Turanci, bugun Amurka, daga gani gwanjo ne, a jikin bangonsa da wani tambari mai ruwan zinare kamar kwabo. Ta juya gaba, ta juya baya, sannan ta ɗago ta ce, "Kawu, ai Hausa na ci."

Raina ya ɓaci da malaman makarantar. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, gobe zan kawo mata na Hausa, wanda ma ya fi wannan kyau.

Washegari na shiga kasuwa, layin masu littattafai. A shagon farko na ce, "Alhaji, ina neman littafin labari na Hausa, na yarinya 'yar shekara goma." Ya miƙo min Magana Jari Ce. Na biyu ya miƙo min Magana Jari Ce, ya ɗora Iliya Ɗan Maiƙarfi a kai. Na uku ya nuna min tarin littattafan soyayya, kafin in buɗe baki shi da kansa ya ce, "A'a, Malam, waɗannan ba na yara ba ne." Na huɗu ya tambaye ni, "Na addini ko na jarrabawa?" Na ce na labari, na jin daɗi kawai. Ya kalle ni kamar na ce ya sayar min da jaki mai ƙaho.

Kafin in fito daga kasuwar na yafe wa malaman. Abin da suka samu suka bayar.

Ga matsayina tun da wuri, kada in wahalar da mai karatu. Muna bukatar gasar littafin yara da Hausa, tsayayya, wadda ake yi kowace shekara ba fashi. Kuma babbar kyautarta ta zama buga littafin da kai shi aji, hannun yaro. Kuɗi da hoto a jarida su biyo baya. Gasar da za ta ƙare a ɗakin taro na otal, a ci shinkafa a watse, gara a bar kuɗin a sayi alli.

Wancan tambari mai ruwan zinare

Da na koma gida na karɓi littafin yarinyar na duba tambarin da kyau. Lambar Newbery ce. Ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta Amurka ke bayar da ita tun 1922, duk shekara, ga littafin yaran da suka ga ya fi fice a ƙasar. Sunan John Newbery aka raɗa mata, wani Baturen Ingila mai buga littattafan yara a ƙarni na 18. A 1938 suka ƙara ta biyu, Caldecott, ita kuma ta mai zanen hotunan littafi ce.

Abin mamaki, babu ko sisi a cikinta. Lambar tagulla ce, sai damar manna wancan tambari a bango. To amma da an sanar, ɗakunan karatu na makarantu da na unguwanni sai su yi ta oda, kamfani ya koma kan injin bugu, uwar da ba ruwanta da adabi ta ga tambari ta saya. Littafi ya yi shekara da shekaru a kasuwa. In ya tsufa a zuba shi a kwantena da sauran gwanjo, ya tsallako teku, ya zo ya faɗa hannun yarinyar da ta ci Hausa.

Wani abu da zai ba ku dariya ko takaici: littafin da ya ci Caldecott a 1977, Ashanti to Zulu, yana bin haruffa ne ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi da wata al'ummar Afirka. A harafin H, Hausawa ne. Leo da Diane Dillon suka zana mu da launi mai kyau don yaran Amurka su gani. Ni kuwa na zaga shago huɗu a tsakiyar ƙasar Hausa ban sami littafin labari mai hoton Bahaushe da launi ko guda ba.

Ai mun taɓa yi

Wanda zai ce wannan tsarin Turawa ne, ba zai yi aiki a nan ba, ya manta daga inda Magana Jari Ce ɗin da ake ta miƙo min ya fito.

A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta shiga irin halin da na shiga a kasuwa. An koya wa yara karatun boko, babu abin karantawa. Sai East ya bi manyan garuruwa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai, aka sa gasa. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa babbar wahalarsa ita ce shawo kan malaman su yarda ƙagaggen labari abu ne da ya cancanci mai ilimi ya zauna ya rubuta, tunda a ganinsu tatsuniya ta mata da yara ce.

Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri. Abubakar Imam, malamin Midil a Katsina, yana ɗan shekara 22, ya kawo Ruwan Bagaja. Yayansa Bello Kagara ya kawo Ganɗoki. Wani matashin malamin makaranta daga Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kawo Shaihu Umar. Muhammadu Gwarzo ya kawo Idon Matambayi, sai Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin.

Yau ba wanda ya damu da nawa aka ba su. Abin da ya yi aiki shi ne abin da ya biyo bayan gasar. An zauna an tace rubutun, an buga, an zuba a makarantu. Bayan haka ma ba a sallami Imam da tafi ba. A 1936 aka ɗauko shi daga Katsina aka kawo shi Zariya, aka ba shi wuri da lokaci, aka tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, ya zauna ya fitar da Magana Jari Ce kashi uku. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Gasa ta gano mutumin, hukuma ta riƙe shi ta ba shi aiki.

Ban ce Turawan mulkin mallaka don Allah suka yi ba. Ma'aikatan En'e suke nema masu iya boko, kuma wannan bokon shi ya ture ajami gefe. Duk da haka dabarar ta ci, tunda ga shi bayan shekara kusan 90 mai shago bai da abin miƙo min sai ita.

An sake gwadawa. Kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya, NNPC, ya sa gasa a ƙarshen shekarun 1970, aka samu Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wadda ta buɗe wa mata ƙofar rubutun ƙagaggen labari da Hausa. A 1982 gasar Sashen Al'adu na Tarayya ta haifi Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya. Duk lokacin da aka buga gangar, marubuta sun fito. Sai dai a buga sau ɗaya a rataye ta, sai kuma wani ƙarni. Kuma akasarin abin da ya fito na manya ne da 'yan sakandare.

Gasannin da muke da su yanzu

Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, ta yi abin a yaba. Ba ta fashi, ana karanta labaran a rediyo, kuma ta fito da sunayen da da ba a sani ba. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara ci da Sansanin 'Yan Gudun Hijira, Maimuna Idris Sani Beli ta biyo baya a 2017. Amma gajerun labarai ne na manya, kan ciwon manya. Ba laifinta ba ne, ba don yara aka kafa ta ba.

Sai babbar giwa, kyautar adabi ta Nijeriya da kamfanin iskar gas na NLNG ke ɗaukar nauyi tun 2004. Dala 100,000 ce yanzu, kuma tana zagayawa tsakanin zube da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara, wato yara na samun nasu juyin sau ɗaya a shekara huɗu. Ɗanmu Abubakar Adam Ibrahim ya ci ta zube a 2016, mun yi murna. A ɓangaren yara, Mabel Segun da Akachi Adimora-Ezeigbo suka raba a 2007. A 2011 wani marubuci mai laƙabin Mai Nasara ya ci da The Missing Clock. Kada sunan ya ruɗe ku, laƙabin ne kawai Hausa, sunansa Adeleke Adeyemi kuma littafin Turanci ne. A 2015 alƙalai suka duba abin da aka kawo suka ce babu wanda ya kai, ba a ba kowa ba. Jude Idada ya ci a 2019 da Boom Boom, labarin yaro da ƙanwarsa mai ciwon sikila. Olubunmi Familoni ya ci a 2024.

Na ji daɗi marubucin yara ya riƙe irin wannan kuɗi, Allah Ya ƙara. Amma duk littattafan nan da Turanci suke. Labarin sikila kuwa, wane gida ne a Arewa bai san wannan ciwo ba, ko a cikinsa ko a maƙwabta? Yarinyar da ke kwana tana jin kukan ƙaninta saboda ciwon ƙashi a Gumel ko Maraɗi, ita ta fi kowa bukatar irin wannan labari, kuma da harshen da take kuka da shi.

"Ai Magana Jari Ce ta isa"

Wannan ce amsar da na fi ji, kuma daga bakin mutanen da nake girmamawa. Ni ma da ita na tashi. Har gobe in na tuna akun nan da ya zama waziri da bakinsa sai na yi murmushi. Ban zo rage wa Imam daraja ba, ni wa?

Amma a dubi abin da shi Imam ɗin ya yi. Bai ce tatsuniyoyin kaka sun isa ba. Ya ɗauko daga Dare Dubu Da Ɗaya, ya ɗauko daga labaran Indiya da na Jamus, ya yi musu wanka ya sa musu riga da hula, har yaron 1937 ya ɗauka a bayan gidansu abin ya faru. Sabon abu ya yi wa yaran zamaninsa. Mu da muke kiran kanmu magadansa, mun ɗauki aikinsa mun mai da shi hujjar zama.

Yaron da Imam ya rubuta wa ya san anini da sule, ya san dogari, ya san fatake da ayarin jakuna. Yarinyar ƙanwata ta san ɗauke wuta, ta san cajin waya a shago, ta san ƙawarta da suka baro ƙauyensu da dare saboda 'yan bindiga. Ya kamata ta san duniyar kakanninta, ƙwarai. Amma in duk abin da ke cikin littafin Hausa tsohuwar duniya ce, duk abin da ke cikin na Turanci kuma ta yau ce, ba sai an gaya mata ba, da kanta za ta yanke hukunci a kan wane harshe ne mai rai.

Sannan a ƙirga jaruman. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Iliya. Duk maza. Ina yarinyar da za ta ɓata a kasuwar Kurmi ta nemo hanyar gida da wayonta? Ina wadda za ta gano wanda ke sace ƙwan kakarta?

Kuma waɗannan duk na wanda karatunsa ya riga ya nuna ne. Ɗan shekara biyar, wanda ke bukatar babban hoto da jimla ɗaya a shafi, me muka tanadar masa? Ka Koyi Karatu da 'yan'uwansa don koyo aka yi su. Bayan ya koya fa?

"Yaran yanzu ba sa karatu"

Haka aka ce game da Hausawa gaba ɗaya, har adabin kasuwar Kano ya zo ya ƙaryata masu faɗa. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa suka riƙa buga littattafai da kuɗin aljihunsu, su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, mata na karɓar haya suna karantawa a ɗaki. Yau abin ya koma waya. Matar aure za ta tura kuɗi ta banki a saka ta a zauren WhatsApp don ta karanta ci gaban labari. Masu karatu suna nan.

To me ya sa wannan kasuwa mai albarka ba ta haifar wa yara komai ba? Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne na fi son a tsaya.

Babba shi ke karantawa, shi ke biya. Yaro kuwa shi ke karantawa, wani ke biya. Ba shi da waya tasa, ba shi da asusu, kuɗin tara da aka ba shi na awara ne. Uban da zai saya kuma an riga an ba shi jerin littattafan dole daga makaranta, ya biya yana gumi, in ka ce ya ƙara na labari sai ya tambaye ka ko zai fito a jarrabawa.

Ga shi littafin yara ya fi na manya tsadar yi. Na soyayya takarda mai araha ce da baƙin tawada, bango ne kawai mai launi. Na yara sai an biya mai zane, sai an buga da launi, sai takarda mai ƙwari da za ta jure hannun da ya gama cin tuwo. Marubuciyar da ke da basirar rubuta wa yara ta zauna ta yi lissafi: wannan zai ci jari mai yawa ya yi kwantai, wancan kuwa a waya ma za ta sayar ba tare da ta je maɗaba'a ba. Wace za ta zaɓa? Ni ma da ni ne abin da zan zaɓa ke nan.

Shi ya sa na ce kasuwa kaɗai ba za ta haifi wannan littafi ba, ko shekara nawa aka jira. Sai wani ya ɗauke wa marubuci asarar farko, ya kuma ba uba dalilin amincewa. Aikin gasa ke nan, aikin tambari ke nan. Uban da ba shi da lokacin tantancewa ya ga alama ya san an duba masa.

Batun waya kuma, yaron da ke kallon katun ɗin da ba ya jin harshensa sa'a biyu bai ƙi labari ba. Yunwar labarin ce ta kai shi can.

"Kyauta zaɓin manya ce, ba ta yara ba"

Wannan suka ce mai nauyi, kuma na yarda da rabinta. A Amurka ma an yi ta. A 2008 wata masaniyar littattafan yara, Anita Silvey, ta rubuta maƙala tana tambaya ko Newbery ta ɓata hanya, saboda wasu littattafan da ke ci alƙalai ke yabo, yara na ajiyewa. A Ingila, lambar Carnegie da ake bayarwa tun 1936 ba ta taɓa zuwa hannun J.K. Rowling ba, alhali jerin littattafanta na Harry Potter sun ci kyautar Smarties sau uku a jere, inda 'yan makaranta ne suka jefa ƙuri'a.

Mu namu haɗarin ya fi wannan, kuma na san shi tun kafin ya zo: wa'azi. In aka tara farfesoshi biyar aka ce su zaɓi littafin yara, ina jin tsoron wanda zai ci shi ne na yaron kirki mai gaishe da manya da ya zama likita, da ɗan'uwansa marar jin magana da maciji ya sara. A shafin ƙarshe a jera darussa goma. Yaro na hango irin wannan daga nesa, kamar yadda yake gane maganin da aka ɓoye a cikin kunu.

A tuna wa yara suka fi so a tatsuniya. Gizo. Maƙaryaci, ɓarawo, marowaci, mai cutar matarsa Ƙoƙi. Kakanninmu ba su ji tsoron ba mu shi ba, kuma ba mu lalace ba. A Ruwan Bagaja ma wa ake jira ya sake ɓullowa in ba Malam Zurƙe ɗan Muhamman ba? Tarbiyya tana ciki, amma a ƙarƙashin dariya take, ba a goshi ba.

Maganin bai da wuya. Manya su tace su fitar da uku. Sannan a kai ukun azuzuwa, a birni da ƙauye, malami ya karanta shafi goma ya rufe littafin ya ce an tashi. Wanda yara suka yi ihu suka ce "Malam, a ci gaba," shi ne ya ci.

Akwai masu cewa za a yi son kai, alƙali ya ba ɗalibinsa ko ɗan garinsu. Zai iya faruwa, ai mu ne. A cire suna daga rubutu kafin ya je hannun alƙalai, a riƙa sauya su, su kuma rubuta dalilinsu kowa ya gani. In shekara ta zo babu na kirki, a yi ƙarfin halin da alƙalan 2015 suka yi.

"Turanci ne zai kai yaro gaba"

Ban musa ba, ina son yarinyar nan ta iya Turanci fiye da ni. Littafin gwanjon ma na ce ta karanta shi. Amma ku shiga ajin firamare na gwamnati ku saurara. Malama ta karanta jimlar Turanci, yara saba'in su maimaita da ƙarfi kamar masu rera waƙa. Ka ja ɗaya gefe ka ce me aka ce, ya sunkuyar da kai. Wannan yaro bai taɓa sanin cewa baƙaƙen da ke kan takarda za su iya ba shi dariya ba. A wurinsa karatu hayaniya ce da ake yi don gudun bulala.

Ran da ya karanta shafi guda da harshensa ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai, ya gane abin da karatu yake nufi. Wannan ganewar da ita zai shiga Turanci, da ita zai shiga Larabci. Mutumin da ya rubuta Shaihu Umar da Hausa shi ne wanda daga baya duniya ta yi ta yabon zaƙin Turancinsa yana Firayim Minista. Hausar ba ta rage masa komai ba.

Wa zai biya?

Za a ce ana fama da abinci, wa ke ta littafin hoto. To ai ba a daina ɗaukar nauyin gasar ƙwallo ba, ba a daina wasan folo ba, ba a daina buga kalanda mai hoton shugaban ƙaramar hukuma da launi bakwai ba. Injin da ya buga kalandar shi zai buga littafin.

Kuma kada wani ya ce ba mu iya riƙe gasa ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta faro a 1986, tana tafiya shekara bayan shekara, daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, da alƙalai da ƙa'idoji, masu hali na ba da motoci da kujerun Makka. Mun iya ƙwarai in abu ya shiga ranmu. Ban haɗa darajar biyun ba, tsarin nake nunawa.

Suwidin, ƙasar da mutanenta ba su fi miliyan goma da 'yan kai ba, ta kafa kyauta a 2002 da sunan marubuciyar yaransu Astrid Lindgren, kuɗinsu kurona miliyan 5 duk shekara, daga baitulmalin gwamnati. Masu jin Hausa sun ninka su sau da yawa. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Littafi ɗaya mai kyau zai iya tafiya daga Zariya zuwa Damagaram, ya gangara zangon Kumasi, ba tare da an fassara ko kalma ba, sai ɗan bambancin rubutun wasu haruffa tsakaninmu da Nijar. Wane ɗan kasuwa ne zai raina wannan fili?

Abin da nake hange ba babba ba ne. Rukuni biyu sun isa: na hoto don ƙanana, na labari don 'yan shekara takwas zuwa sha biyu. Mai zane ya raba kyauta da marubuci daidai wa daida, domin a littafin ƙanana shi ne rabin aikin, kuma muna da yara masu hannu da ke ƙarewa a zanen allon shago da bayan tifa. A ba wanda ya ci edita na gaske su zauna wata uku, kamar yadda aka zauna da Imam. A buga kwafi dubu biyar, rabi a raba wa makarantun gwamnati da Islamiyyu, rabi a kai kasuwa da farashin da bai fi na kwanon masara ba, marubuci ya riƙa samun kasonsa. In da hali a fitar da wasu da ajami, don almajirin tsangaya ma yaro ne, shi ma yana son labari. Sharaɗi ɗaya da ba zan sassauta ba: duk wanda zai ɗauki nauyi ya sa hannu a kan shekara goma. Mai neman suna na shekara ɗaya ya je ya sayi kofin ƙwallo.

A ƙarshe dai Magana Jari Ce na farko na saya wa yarinyar, a shagon Alhajin da na fara shiga, don ba zan koma hannu rabbana ba bayan na cika baki. Yana sa min a leda na yi masa wannan dogon bayani, ya saurara yana gyaɗa kai. Ya ce ba ni ne na farko ba, iyaye mata sun fi zuwa tambaya, musamman lokacin hutu. Sai ya ce, "Malam, in kun buga ku kawo min dozin biyu in gwada. Amma ba zan biya ba sai sun tafi. In sun yi wata uku a nan, ka zo ka kwashe kayanka."